Kawuna Biyu a Kan Katanga

Steinhall, Ostiriya
Watan Mayu, 1971

'Yata Vroni,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikata Monika. Yaya sanyin Kanada, ya sake ku kuwa? Yaya tarin da kika ce yana damun yarinyar? Ki daina ba ta ruwan firji, ban san wanda ya koya miki wannan ba, ba dai ni ba. Ni ina nan lafiya, sai gwiwa, ita kuwa ta riga ta zama 'yar gida.

Bayan haka, lokacin babanki ya yi. Shekaranjiya Kilian mai haƙa kabari ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya cire hula yana murza ta, ya ce, "Zenzi, ƙanƙara ta saki ƙasa. Izininki nake jira." Na ce masa, "Zauna ka sha kofi tukuna, mutumin da ya yi shekara goma sha biyar a kwance ba yau zai ƙosa ba." Ya zauna kuwa, ya sha kofi, ya cinye mini rabin burodi.

Kin ce Monika ta tambaye ki ko da gaske ne a garinmu ana tono matattu, kika rasa abin da za ki ce mata. Haba Vroni, kamar ba a nan aka yanke miki cibiya ba! Ki faɗa mata gaskiya mana. Dutse a bayanmu, tafki a gabanmu, gidajenmu ma a kan juna suke, ta tagar bene nake miƙa wa maƙwabciya gishiri tana tsaye a ƙofar gidanta. Maƙabartar da ke kan dutsen coci ba ta fi tsakar gida ba. To ina za a sa mutane? Kowa aron wuri ake ba shi. In ya huta iya hutawarsa, sai a ɗauke shi a ba na baya. A wanke ƙoƙon kansa, a shanya a rana har ya yi fari, a rubuta masa sunansa da shekarunsa a goshi, a zana masa ganye ko fure, a kai shi ɗakin ƙasusuwa cikin danginsa. Haka ake yi tun babu hanyar mota, tun duk mai son shigowa garin nan sai ta ruwa. Ki ce mata ba abin tsoro ba ne, gata ne.

Wurin babanki yana nan a layin gidan Gamsjäger, kusa da mahaifinsa da kakansa, duk mahaƙan gishiri. Shi da kansa ya nuna mini wata Lahadi, ya ce, "Nan ni, nan ke. Kin ga ko a can ba ki tsira ba." Na ce masa wa ya faɗa maka ina neman tsira? Wurin nawa ma yana nan, babu wanda ya taɓa shi, kuma ba na ɓoye miki, tun da ya rasu wannan ɗan gurbin nake kallo in ji sanyi a raina.

Tare za a ɗauko shi da Veit mai kwalekwale, mijin Tilli, tunda a hunturu ɗaya suka tafi. Abin ya ba ni dariya. Babanki da ba ya iya zama da Veit saboda surutu, ga shi za su sha rana tare har bazara ta ƙare, kuma babu halin tashi.

Na zaɓar masa ganye kore, irin mai hawa bango, don shi aka zana wa mahaifinsa. Kilian ya ce hannunsa ya fara rawa amma bai taɓa ɓata harafi ba. Na ce masa in ya karkata mini sunan Rupert, ni da shi ne.

Baƙi 'yan yawon buɗe ido sun fara zuwa, ɗakunana biyu na sama duk a cike. Suna hawa dutse a sa musu kayan mahaƙa, su shiga ramin gishiri suna sulɓewa a kan katako suna ihu kamar yara, a ramin da ya cinye ƙirjin babanki. Su dawo suna ba ni labarin mutanen da suka haƙa wurin tun kafin haihuwar Almasihu, ni da na yi rayuwata ina wanke gishirin ramin daga rigunan miji. Ina dai cewa "to, to," ina zuba musu miya.

Ki gaida maigidanki, ki sumbatar mini Monika. Allah ya tsare ku.

Mahaifiyarki,
Zenzi


Steinhall
Watan Yuli

Vroni 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da Monika, da fatan tarin ya tafi. Wasiƙarki ta iso har da hoton yarinya, goshin babanki ne sak. Ki yi haƙuri ban amsa da wuri ba, na sha zama da biro a hannu ina kasawa. Jikina ƙalau, kada ki tsorata, amma labarin ba daɗi.

An buɗe kaburburan lafiya, ina tsaye, Tilli ma tana tsaye. Kilian ya wanke kawunan, ya ɗora kowanne a kan allonsa, ya rubuta suna da alli a jikin allon, ya jera su a kan katangar bayan coci inda rana ta fi daɗewa. Kullum in na fito daga addu'ar safe sai in bi ta can in ce, "Rupert, an tashi lafiya? Ka fara haske fa."

Sai ranar bikin tafki ta zo, ranar da Fada, limamin cocinmu, ke fita kan ruwa da gicciye, kwalekwale duk an yi musu ado da furanni. Gari kaf ya koma bakin ruwa. Kilian ma ya sauka, don shi ke riƙe tuta. Ni kaina ina can ina rera waƙa da ƙarfina.

Matar da ke yi wa Fada girki ce kaɗai ta gani, ta taga. Ta ce wani ƙaton baƙo ne da gajeren wando, ya ɗauki kawunan biyu, ɗaya a kowane hannu, ya kanga su a kumatunsa yana washe baki, matarsa tana ɗaukar hoto. Sannan suka yi musanya, ita ta riƙe shi ya ɗauka. Da ta daka musu tsawa sai suka dire su a kan ciyawa suka yi gaba, har matar tana ɗaga mata hannu. Kafin tsohuwa ta sauko daga bene ta zagayo, sun shige cikin taro, jirgin ruwan yamma ya kwashe su.

Alluna suna nan a kan katanga da sunayensu, Vroni. Kawuna suna ƙasa. Babu wanda ya san wanne ne na wa.

Kilian ya zo gidana, wannan karon bai zauna ba. Ya ce, "Zenzi, ki yi mini duk abin da kika ga dama." Na ce, "Kai da ka wanke su da hannunka, ba za ka gane su ba?" Ya ce, "Na wanke abin da ba zan iya ƙirgawa ba. Da allo nake gane su, ba da ido ba." Kai, na zage shi tas, ban rage masa komai ba, har na ce da tuta da shi duk a jefa su tafki. Ya tsaya yana ji, tsoho da shi, hawaye na bin gemunsa. Sai na bar zagin. Wa zan zaga? Wanda ya yi abin yana can wata ƙasa, wataƙila ya manna hoton a bango yana nuna wa abokai. Ɗan sandanmu ya ce ba a saci komai ba, ba a fasa komai ba, me zai rubuta?

Abin da ya fi ƙona mini rai, washegari sai da na tashi na dafa wa baƙi kofi, na nuna musu hanyar ɗakin ƙasusuwa da yatsana, don sun tambaya.

Amma kada ki sa abin a ranki da yawa, akwai alama. Shekarar da na haife ki, dutsen gishiri ya faɗo wa babanki a saman kunnen hagu, aka kawo mini shi jini har wuya. Na duba, ɗaya daga cikin kawunan yana da ɗan lotsawa a daidai wurin. Gobe zan je in faɗa wa Tilli, a mayar da kowa allonsa, magana ta ƙare.

Ki sa mu a addu'a. Ina gaida kowa.

Mahaifiyarki,
Zenzi


Steinhall
Watan Satumba

'Yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina fata Monika ta saba da makaranta. Na ga kin ce za ki nemi hutu ki zo. Kada ki wahalar da kanki. Ki zo ki yi me? Kina da ido fiye da nawa ne?

Maganar ba ta ƙare ba. Na je wurin Tilli da kek ɗina a hannu, na yi mata bayani cikin lalama. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Saman kunnen hagu? Ai wannan Veit ne. Kin manta da ya zame a kan ƙanƙara a bakin ruwa, kansa ya bugu da gindin kwalekwale? Wata guda yana ganin mutum ɗaya biyu." Na ce, "Tilli, mijinki kullum a buge yake, dole ya ga mutum biyu." Ta ce, "Gara nawa yana magana, naki kuwa ko yana da rai ba a bambanta shi da na ɗakin ƙasusuwa." Kin ji fa! Mu da muka zauna benci ɗaya a makaranta. Na ɗauko kek ɗina na fito.

Abin haushi, gaskiya ta faɗa, ya faɗi ɗin. Na tuna, har ni na kai masa romo.

Daga nan gari ya rabu biyu. Mahaƙa suna bayana, masu kwalekwale suna bayanta. A gidan burodi, in na shiga sai hira ta tsaya. Kowa ya zama masani: wannan ya ce Rupert ya fi girman kai, wancan ya ce a gwada musu tsofaffin hulunansu. An gwada kuwa, Allah ya yafe mana, duk hulunan suka zurma har ido. Haƙora babu a ko wanne, dukansu na roba suka mutu da su.

Muka kira likita daga ƙetaren tafki. Ya juya su, ya auna, ya sa tabarau ya cire, ya ce maza ne, tsofaffi ne, kuma lotsawar tana iya zama ta dutse, tana iya zama ta kwalekwale, tana iya zama haka aka haifi mutum. Na ce, "Likita, wannan ai ko ni na sani." Fada kuma ya ce, "'Ya'yana, Ubangiji ya san nasa, ba ya bukatar rubutu a goshi." Na ce, "Fada, Ubangiji ya sani, ni ce ban sani ba, kuma ni za a ajiye kusa da shi." Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke shi ne wannan. Wata ranar da hantsi, babu kowa, na roƙi Kilian ya bar ni da su. Yanzu a cikin keji na waya yake shanya su, da kwaɗo. Ya buɗe mini ya koma gefe. Na ce a raina ido ya gaza, bari hannu ya yi. Kan nan na riƙe shi shekara da shekaru, na yi masa aski, na wanke shi, na ɗora shi a cinyata ranar da numfashi ya ƙare masa. Na rufe ido na ɗauki mai lotsawar, na shafa shi ko'ina, na jira. Ban ji komai ba, sai ɗumin rana. Na ɗauki ɗayan, shi ma haka. Na sake, na sake, har Kilian ya yi gyaran murya.

Wayyo Vroni, hannuna bai san shi ba. A gaban Tilli ina buga ƙirji ina rantsuwa, amma ni da ke, ban sani ba. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

Kilian ya ce ba zai wuce ranar tunawa da matattu ba, farkon Nuwamba. Rana ta fara gudu, dusar ƙanƙara ta riga ta sauka a kan duwatsu, ba a barin su a waje su sha sanyi su tsage. Dole a rubuta suna kafin nan, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Ki gaida maigidanki. Kada ki faɗa wa Monika wannan.

Taki,
Mama


Steinhall
Watan Nuwamba

Vroni,

Ina gaishe ku da kyau, ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Na gode da safar ulu da kika aiko, ta yi mini daidai. Mu nan rana ta shige bayan dutse, sai kuma bazara. Baƙi sun watse, gari ya dawo namu, sai agwagin tafki ke yawo a bakin ruwa suna neman mai ba su burodi.

An gama. Bari in faɗa miki yadda aka yi.

Tilli ta kwanta ciwo a watan jiya. Da fari na ce makirci ne, na san halinta. Sai na ga tagarta a rufe har tsakar rana, hayaƙi ba ya fita daga gidan. Kin san ba ta da ɗa ba ta da jika, dangin Veit kuma duk sun koma birni. Na dafa romo na haura, ina hawa ina mita. Na same ta ta zama rabin yadda take. Ta dube ni ta ce, "Kin zo ki ga ko na mutu ki ɗauke kan?" Na ce, "Sha romo, uwar baki." Ta sha kaɗan. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Zenzi, ke kina da Vroni, kina da jika, akwai mai rubuto miki wasiƙa. Ni shi kaɗai gare ni. Na san shi ne, wallahi na san shi ne. Kada ki sa in tafi ban ga sunansa a goshinsa ba."

Na duba idonta sosai ko zan ga shakka irin tawa. Ban gani ba. Ko dai ta sani da gaske, ko ta fi ni iya ɓoyewa, wannan ma ba zan taɓa sani ba. To ni da me zan ja? Da na tabbata, da ko Fada ya durƙusa mini ba zan saki ba. Na sauko na ce wa Kilian ya ba ta mai lotsawar.

Kada ki ce na yi kirki. Ba kirki ba ne, rasa yadda zan yi ne.

Ya yi zanen a gabana. Mai lotsawar ya rubuta masa Veit. Ɗayan ya zana masa ganye kore ya zagaye kan, ya rubuta Rupert Gamsjäger da shekarunsa. Hannunsa bai yi rawa ko kaɗan ba, rubutu ya fita tsaf, ban taɓa ganin ya yi mai kyansa ba. Ya ce, "Ya yi miki?" Na ce ya yi. Me zan ce?

Ranar tunawa da matattu aka shigar da su. Masu kwalekwale suka ɗauko Tilli a kan kujera har saman dutsen, suna haki. Ta ga sunan, ta yi murmushi, ta ce, "Ka ga, tsohon banza, ka yi kyau." Aka kunna kyandir, Fada ya yi addu'a. Mahaƙa suka zo da kayansu baƙaƙe na biki, suka ajiye namu a layin Gamsjäger, kusa da kakanki. Kowa ya zo yana yi mini barka, ina amsawa.

Layin dangin Veit yana bangon hagu, namu yana bangon dama. Yanzu in na shiga da safe sai in tsaya a tsakiya kamar baƙuwa. In gaida mai sunan babanki, don kada mutane su yi magana. In na ga babu kowa sai in juya in gaida ɗayan a hankali. In na juya wa wannan baya sai in ji kamar shi ne, in na koma sai in ji kamar wancan ne. Haka nake yi har sanyi ya kore ni.

Vroni, ga abin da ya sa na rubuto. Kilian ya girme ni, ba zai kai lokacina ba. Tilli ba za ta ga bazara ba. Ran da za a buɗe nawa kabarin, duk wanda ya san wannan magana ya tafi, sai ke. Ke za a tambaya inda za a ajiye ni. Gurbina yana nan a bangon dama, kusa da sunan babanki. A bangon hagu kuma, kusa da sunan Veit, wurin Tilli ne, babu sarari ko na hannu. Na so in bar miki amsa a rubuce don kada ki sha wahalar da na sha. Na yi ta tunani har kaina ya yi zafi, ba ni da ita. Ki yafe mini, 'yata, na bar miki wannan.

Ki gaida maigidanki, ki rungume mini Monika. Allah ya raya ta, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Kreszenz (Zenzi) Gamsjäger